Tsofaffin jiragen ƙasa masu tururi a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake raya su

Mutane da yawa suna ganin bidiyon kan jirgi baƙi wuluk yana feso hayaƙi a tsakiyar gonakin Ingila, sai su ɗauka tsohon fim ne aka sa wa launi. Galibi ba haka ba ne. Jiragen suna aiki a yau, ana yankar tikiti a hau su, kuma akwai dubban mutane da ke sadaukar da ranakun hutunsu don kada wutarsu ta mutu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Wai har yanzu Birtaniya tana amfani da jirgi mai ƙona kwal?

A harkar sufuri ta yau da kullum, a'a. Hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati ta sallami kawunan jirgi masu tururi daga manyan layukanta a watan Agusta na 1968, ta koma dizal da lantarki. Abin da ya rage shi ne layukan tarihi, wato gajerun hanyoyin dogo da aka rufe tun da daɗewa, sannan ƙungiyoyin masu sha'awa suka karɓa suka sake buɗewa. Sun haura ɗari idan aka haɗa manya da ƙanana. Wasu ba su kai mil biyu ba. Severn Valley, daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, mil 16 ne. North Yorkshire Moors, daga Pickering zuwa Grosmont, mil 18 ne, kuma wasu jiragensa suna zarcewa har garin Whitby a bakin teku.

Da yawa daga cikin waɗannan layuka sun samu ne daga rufe-rufen da ya biyo bayan rahoton 1963 na Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa a lokacin, wanda ya ba da shawarar a rufe dubban mil na dogo da fiye da tashoshi dubu biyu saboda ba sa kawo riba.

Wa ya fara wannan tunani?

Mutanen wani ɗan siririn layi ne a yankin Wales mai suna Talyllyn, wanda aka gina a shekarun 1860 don ɗauko duwatsun rufin ɗaki daga kan tudu zuwa garin Tywyn. Mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya: a tumɓuke dogon a sayar da ƙarfen. Sai wani marubuci kuma injiniya, Tom Rolt, da abokansa suka kafa ƙungiya suka karɓi layin. Ranar 14 ga Mayu 1951 jirginsu na farko ya tashi. A lokacin kan jirgi ɗaya tak ke iya motsi, mai suna Dolgoch, ƙirar 1866, dogon kuma ya nutse cikin ciyawa har ba a ganin katakon da ke ƙarƙashinsa. Shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto suka riƙa gudanarwa. Dolgoch yana nan har gobe.

Ffestiniog ya biyo baya a 1955, sai Bluebell a kudancin Ingila a 1960.

Tunda gwamnati ta sayar da kawunan jirgin ga 'yan gwangwan, daga ina aka samo waɗanda ke aiki yanzu?

Wasu an saye su kai tsaye daga hukumar jiragen ƙasa suna da sauran lafiyarsu. Wasu daga ma'adinai da masana'antu suka fito. Amma kaso mafi ban mamaki ya fito ne daga wani filin gwangwan guda ɗaya a garin Barry da ke kudancin Wales, na kamfanin Woodham Brothers.

Sauran 'yan gwangwan, da kan jirgi ya iso hannunsu, cikin 'yan makonni sun yayyanka shi. Shi kuwa Dai Woodham, mai filin, ya lura yanka tsofaffin taragun kaya ya fi sauƙi, ya fi saurin kawo kuɗi, sai ya jera kawunan jirgin a gefe da niyyar sai aikin taragu ya yi sauƙi ya waiwaye su. Taragun kuwa ba su daina zuwa ba. Kawunan jirgi kusan 300 suka shiga filin, 213 daga cikinsu suka fita da ransu tsakanin 1968 da 1990, ƙungiyoyi suna tara kuɗi suna saye ɗaya bayan ɗaya. Ba don ƙaunar tarihi ya bar su ba, lissafin kasuwa ne, amma ya cancanci yabo domin da masu saye suka fara zuwa bai hana su ba, har yakan ajiye wa ƙungiya wanda ta zaɓa kafin kuɗinta ya cika.

Waɗanda suka fita da wuri sun fita kusan cikakku. Waɗanda suka kai shekara ashirin suna shan iskar teku mai gishiri sun fita ƙwarangwal: babu tagulla, babu bututai, wasu har bishiya ta tsiro a cikinsu. Kan jirgin da ake kira Duke of Gloucester, mai lamba 71000, ya bar Barry a 1974 babu silindojinsa na waje, har ana yi wa aikin kirari da abin da ba zai yiwu ba. A 1986 ya tashi.

Me ya sa labaransu ke canzawa daga wata zuwa wata?

Domin shekarar layin tarihi a rabe take, kuma kowane yanki da irin aikinsa. Wanda bai san wannan ba zai ga an rufe layi a Janairu ya zaci abin ya mutu, alhali a lokacin ne ake aiki mafi nauyi.

Daga farkon Janairu zuwa wajen Maris yawancin layuka ba sa ɗaukar fasinja, ko kuma sai a ƙarshen mako a ɗan guntun yanki. A wannan tsakanin ake cire tsohon dogo a shimfiɗa sabo, a sauya ruɓaɓɓun katakai, a zuba sabuwar tsakuwa, a yashe magudanan ruwa. Magudanar ruwa ba ta da farin jini a hoto, amma ita ce ran hanyar dogo. A watan Yuni na 2007 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya lalata layin Severn Valley a wurare 45, wani wajen ƙasa ta zaftare ta bar dogo yana lilo a sama, kuma sai a Maris na 2008 aka sake buɗe layin gaba ɗaya. Manyan ayyukan gada ma a wannan lokaci ake yin su, tunda babu jirgin da za a tsayar. Haka nan sare itatuwan gefen hanya, domin daga Maris tsuntsaye ke fara sheƙa, kuma dokar ƙasar ta hana lalata sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya.

A loko kuwa, wato wurin ajiya da gyaran kawunan jirgi, abu na farko shi ne a tsiyaye ruwa daga duk kan jirgin da ba zai yi aiki ba. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura, ya fasa bututu ko famfon da ke tura ruwa cikin tukunya, wato babban tankin da ake dafa ruwa ya zama tururi, kuma dare ɗaya na tsananin sanyi ya isa ya jawo asarar watanni. Daga nan sai gyare-gyaren da aka yi ta ɗagawa tun lokacin cunkoso, da binciken shekara-shekara na tukunya.

Wajen ƙarshen Maris ko Afrilu, daidai hutun Ista, ake buɗewa. Kafin nan sai an zagaya da jirgi babu fasinja, an gwada sigina, an sake jarraba ma'aikata kan dokokin hanya.

To lokacin zafi fa, ba shi ne lokacin cin kasuwa ba?

Shi ne, musamman daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta da makarantu ke hutu. Manyan layuka suna aiki kullum. Sai dai lokacin yana zuwa da fargabarsa, wato gobara. Kan jirgi idan yana hawan tudu da kaya yakan watso tartsatsi ta bututun hayaƙi, garwashi kuma yakan zubo ta ƙarƙashi. Idan ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar alkama ko daji. Ana sa raga a cikin akwatin hayaƙi da wajen zubar toka, wasu layuka kuma suna sa motar dogo ɗauke da tankin ruwa ta riƙa bin bayan jirgi. Idan fari ya yi tsanani sai a dakatar da tururi gaba ɗaya a sa dizal, ko a haɗa dizal a baya ya riƙa turawa don kada mai tururin ya yi nishi da ƙarfi. Haka ta faru a layuka da dama a 2022, shekarar da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko a tarihi. Fasinjan da ya biya kuɗi don ya ga hayaƙi ba ya jin daɗin haka, amma a ganina layin da ya ƙona gonar maƙwabcinsa sau biyu ba zai daɗe yana da maƙwabta masu goyon bayansa ba.

Wani aikin da ba ya tsayawa a wannan lokaci shi ne wankin tukunya. Duk bayan 'yan makonni na aiki sai a kashe wuta, a bari ta huce, a kwance matosai, a wanke laka da farin dattin da ruwa ke bari, sannan a leƙa ciki da fitila da madubi. Dattin nan idan ya taru yakan hana ruwa sanyaya ƙarfen da ke fuskantar wuta, ƙarfen ya yi zafi fiye da kima ya lalace.

Daga Satumba zuwa Disamba me ke faruwa?

Satumba da Oktoba lokacin bukukuwa ne. Layi yakan kunna duk kawunan jirgin da ke da lafiya, ya kuma aro baƙi daga wasu layuka, a ɗauko su a kan doguwar tirela ta hanyar mota. Masu sha'awa sukan cika tashoshi da kyamarori tun asuba, a Severn Valley ma an saba jiragen su kwana suna zirga-zirga. Ganyen da ke zuba a wannan lokaci yana sa dogo santsi, shi ya sa kowane kan jirgi ke ɗauke da akwatin busasshen yashi da ake zubawa gaban ƙafafu.

Disamba kuwa ita ce ke riƙe asusun layuka da yawa. Ana shirya jiragen Kirsimeti don iyalai, a ƙawata taragu da fitilu, a raba wa yara kyaututtuka, tikitin kuma kan ƙare tun makonni kafin lokaci. Wasu masu tsananin son tarihi suna raina wannan, suna ganin wasan yara ne. Ban yarda da su ba. Kuɗin da iyaye suka biya a Disamba shi ke sayen dogo da katakon da za a shimfiɗa a Fabrairu.

Ana yawan cewa wani kan jirgi "takardarsa ta ƙare". Wace takarda ce?

Takardar izinin tukunya ce, kuma duk rayuwar kan jirgi a kanta take juyawa. Tukunyar babban kan jirgi tana riƙe da tan-tan na ruwan da ya wuce zafin tafasa, a matse da ƙarfin da kan kai nauyin fam 225 zuwa 250 a kan kowane inci murabba'i. Idan ta fashe, ruwan nan gaba ɗaya yakan rikiɗe tururi cikin ƙiftawar ido, kuma ba a cika samun wanda ya tsira a ɗakin direba ba. Saboda haka doka da kamfanin inshora ba sa wasa da ita. Kowace shekara sufeto mai zaman kansa yakan duba ta a sanyaye, sannan ya duba ta da wuta a ciki. Bayan kimanin shekara goma kuwa, ko da ba ta nuna wata alamar ciwo ba, sai an kwance ta gaba ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce babu ranar da za a ce an gama gyaran kan jirgi. Ƙungiya za ta shafe shekara goma sha biyar tana farfaɗo da shi, ya yi aiki shekara goma, ya koma layin jira. Shi ya sa idan ka shiga lokon kowane babban layi za ka tarar waɗanda ke aiki ba su kai waɗanda ke jiran gyara yawa ba. Ƙungiya mai hankali tana fara tara kuɗin gyara na gaba tun ranar da aka kunna wutar farko.

Yaya ake yin babban gyaran, daga farko zuwa ƙarshe?

Da farko a tuɓe shi: ɗakin direba, bututai, rigar ƙarfen da ke lulluɓe da tukunya, da abin da ke tsare zafi a ƙarƙashinta. A tsofaffin da ba a taɓa buɗewa ba, wannan abin tsare zafin yakan zama asbestos mai lalata huhu, sai ƙwararru masu lasisi ke cire shi. Sannan a kawo ƙugiya a ɗaga tukunyar daga kan gangar jikin, aikin ya rabu biyu.

Masu tukunya za su zare bututan hayaƙi, waɗanda sukan haura ɗari, su shiga ciki su auna kaurin ƙarfe wuri-wuri. Inda aka fi samun matsala shi ne akwatin wuta. Bango biyu gare shi, na ciki da na waje, ruwa a tsakaninsu, kuma abin da ke hana su bajewa shi ne ɗaruruwan gajerun sandunan ƙarfe ko tagulla da aka ɗaure su da su, a manyan injuna ma sun haura dubu. Kowace sai an ƙwanƙwasa ta da guduma, gogaggen ma'aikaci yana gane karyayya daga ƙararta. A al'adar Birtaniya bangon ciki na jan ƙarfe ne, mai tsadar gaske. Inda ya cinye sai a yanke a sa sabon falle, da walda ko da ƙusoshin da ake gasawa su yi ja a buga su da zafinsu, aikin da ke buƙatar mutum uku ko huɗu masu fahimtar juna.

Masu gangar jiki kuma za su fitar da ƙafafun, su duba ko gatarin da ke haɗa su ya tsage, su sassaƙe bakin ƙafar a kan babban injin sassaƙa har siffarsa ta dawo daidai, ko su sa sabon zobe idan ya siranta. A sake zuba farin ƙarfe a mazaunin gatari, a gyara cikin silinda, a daidaita sandunan da ke juya ƙafafu. Abin da ya ɓace kuwa babu shagon da za a saya. Sai a nemo zanen asali, da yawansu suna ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na York, kafinta ya sassaƙa siffar abin da katako, a kai maƙera su zuba narkakken ƙarfe.

Idan tukunya ta haɗu, gwajin farko da ruwan sanyi ake yi. A cika ta maƙil, a matsa da famfo har ya wuce ƙarfin aikinta, yawanci da kusan rabi. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa, don haka idan wani wuri ya gaza sai dai ya yi yoyo, ba fashewa ba. Bayan nan a hura wuta, a saita bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa, sufeto ya sa hannu. Daga wajen nan agogon shekara goma ke fara bugawa, shi ya sa ake ƙoƙarin kada tukunya ta riga gangar jiki kammaluwa. Sai haɗawa, da gwajin tafiya na ɗaruruwan mil, fenti kuma a ƙarshe.

Nawa ake kashewa?

Babban gyaran matsakaicin kan jirgi yakan ci dubban ɗaruruwan fam, na manya kuma yakan kai miliyan. Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, gidan tarihin York ya saye shi a 2004 kan fam miliyan 2.3. Gyaransa ya fara a 2006, bai dawo kan dogo ba sai 2016, kuma ya lashe fiye da fam miliyan 4, domin duk inda aka buɗe sai a tarar da wata sabuwar ɓarna.

Kuɗin tikiti kaɗai ba ya isa. Ana cikawa da kuɗin mambobi, da sayar da hannun jari wanda mai saye ya san ba zai ga riba ba, da wasiyyar mamata, da tallafin asusun cacar ƙasa da ake ware wa kayan tarihi, da shagon shayi, da hayar tasha ga masu shirya fim. Annobar korona a 2020 ta nuna yadda abin ke tafiya a kan siraɗi: an rufe layuka watanni, kusan kowanne sai da ya fito neman agajin gaggawa.

Idan an sauya tukunya, an sauya ƙafafu, an sauya silinda, ina tarihin yake?

Masu harkar kansu suna wannan muhawara. Amsar da na fi gamsuwa da ita: ko a zamanin da jiragen ke aikin gwamnati haka ake yi musu. Kan jirgi ya shiga masana'antar gyara ta Doncaster ko Swindon ko Crewe, a cire tukunyarsa a ɗora masa wata da aka riga aka gyara, ya fita. Sauyin kayan jiki wani ɓangare ne na tarihinsa. Amma akwai waɗanda darajarsu ta sa aka gwammace a bar su a sanyaye. Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli 1938, gudun da babu mai tururin da ya karya, yana zaune a York, rabonsa da wuta tun shekarun 1980.

Da gaske ne ana ƙera sababbi?

Da gaske ne. Duk kawunan jirgi 49 na ajin A1 da injiniya Peppercorn ya zana an yayyanka su a shekarun 1960, ba a bar ko ɗaya ba. A 1990 wasu suka kafa ƙungiya don ƙera na hamsin, suna roƙon magoya baya su riƙa ba da ɗan abu kaɗan kowane wata. A 2008 sabon kan jirgin mai suna Tornado ya fito daga Darlington, bayan an kashe wajen fam miliyan 3. Tukunyarsa a Meiningen ta ƙasar Jamus aka yi ta. A Afrilu na 2017 ya kai mil 100 a awa a wani gwajin dare.

Ina suke samun kwal?

Nan ne damuwar wannan zamani take. Kan jirgi ba kowane kwal yake so ba: yana son dunƙulalle, mai zafi, marar hayaƙi da yawa, wanda tokarsa ba ta narkewa ta toshe ragar murhu. Kwal ɗin kudancin Wales ya yi suna a wannan. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke kusa da Merthyr Tydfil, wadda layuka da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023. Yanzu daga ƙetare ake shigo da shi, daga ƙasashe irin su Kolombiya da Kazakistan, da tsada, kuma ingancinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ana gwada dunƙulen da aka haɗa garin kwal da ɓawon 'ya'yan zaitun, wasu kuma suna mayar da kawunan jirginsu masu ƙona mai. Wannan ba sabon abu ba ne: Ffestiniog ya shafe shekaru da dama tun daga shekarun 1970 yana ƙona mai saboda tsoron gobara a dajin da yake ratsawa.

Su wane ne ke wannan aiki, kuma yaya mutum ke zama direba?

Akwai ma'aikata masu albashi a manyan layuka, musamman a loko, amma mafi yawa 'yan sa kai ne: malaman makaranta, likitoci, 'yan fansho, ɗalibai, maza da mata. Mai son tuƙi daga goge-goge yake farawa. Ya zo tun kafin gari ya waye, ya kwashe toka, ya goge maiƙo, ya koyi sunan kowane ƙarfe. Bayan shekaru, idan ya ci jarrabawa, ya zama mai wuta, mai zuba kwal da kula da ruwan tukunya, wanda kan ɗaga fiye da tan guda da shebur a yini. Bayan wasu shekarun kuma ya zama direba. Shekara goma ba ta yi yawa ba a wannan hanya.

Hura wutar ma ilimi ce. Babban kan jirgi ana sa masa 'yar ƙaramar wuta tun jajibiri don ƙarfe ya ɗumama a hankali, domin zafin gaggawa yana sa tukunya yoyo.

Abin da ya fi kwal tayar mini da hankali shi ne mutane. Waɗanda suka koyi aikin a hannun hukumar jiragen ƙasa kafin 1968 sun kusa ƙarewa. Kunnen da ke gane karyayyar sanda daga bugun guduma ba a samunsa a littafi. Layukan da suka ɗauki matasa almajiran sana'a suna biyansu, irin su Severn Valley da Ffestiniog, su ne suka fahimci inda haɗarin yake.

Akwai haɗari a hawansu?

Kaɗan ne ƙwarai. Kusan duk layukan tarihi ba sa wuce mil 25 a awa, kimanin kilomita 40, kuma hukumar da ke sa ido kan manyan layukan ƙasar ita ce ke sa ido a kansu.

Akwai abin da ya haɗa wannan harka da Afirka?

Akwai. Layin Welsh Highland, mil 25 daga Caernarfon zuwa Porthmadog, yana jan jiragensa da kawunan jirgi samfurin Garratt da aka dawo da su daga Afirka ta Kudu. Layin Welshpool da Llanfair kuma ya sayi kan jirgi mai lamba 85 da wasu taragu daga Saliyo a 1975, lokacin da ƙasar ta rufe reluwenta. Kamfanin Hunslet na Leeds ne ya ƙera shi a 1954. Sauran kayan da suka tsira a Saliyo suna gidan tarihin jiragen ƙasa na Cline Town a Freetown, wanda aka buɗe a 2005.

Mu fa a Najeriya, ina namu suke?

Tarihin muna da shi. Dogo daga Baro ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Kwal ɗin Inugu ne ya riƙa ciyar da kawunan jirgin da suka kwashe dalar gyada zuwa bakin teku, cikinsu har da ajin da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda masana'antun Birtaniya irin su Vulcan Foundry suka ƙera bayan yaƙin duniya na biyu. Akwai kuma siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi, daidai da na Saliyo da na Welshpool. Ana iya ganin ragowar kayansa a harabar gidan tarihi na Jos, a Minna kuma akwai ɗan kan jirgin layin Wushishi na farkon ƙarni na 20. A Ebute Metta ta Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe.

Tayar da ɗaya ya yi tafiya abu ne mai yiwuwa, amma ba daga nan ya kamata a fara ba. Matakin farko rumfa ce da shinge da mai gadi, a toshe bututun hayaƙi don kada ruwan damina ya shiga, a shafe sanduna da giris, a rubuta lambar kowane kan jirgi da inda yake. Na biyu, a zauna da tsofaffin ma'aikatan loko na Zariya da Kafanchan da Inugu da suka rage, a naɗi bayaninsu. Ƙarfen da ke ƙarƙashin rumfa zai iya jiran shekara talatin, su kuwa dattawan ba za su iya ba.

Idan ina Birtaniya, yaushe ya fi dacewa in je?

Tsakanin Afrilu da Oktoba. Mai son ganin kawunan jirgi da yawa a rana ɗaya ya nufi bukukuwan Satumba, mai zuwa da yara kuma ya zaɓi tsakiyar mako a watan Mayu ko Yuni da babu cunkoso. Ka duba jadawalin layin a intanet kafin ka fito, domin ba kullum ake aiki ba, kuma yakan nuna ko jirgin ranar mai tururi ne ko dizal. Daga Landan, Bluebell ya fi sauƙin kai wa, tunda tun 2013 ya haɗu da babban layi a East Grinstead. Daga Birmingham sai Severn Valley, tasharsa tana dab da ta gwamnati a Kidderminster. Gidan tarihin York kyauta ake shiga. Kada ka sa fararen kaya idan za ka zauna kusa da taga a taragon gaba, kuma idan kana son leƙa ɗakin direba ka tambaya lokacin da jirgin ke tsaye a tasha, yawanci sukan bari.